Yadda muka yi amfani da fas ɗin jirgin ƙasa na Turai, ni da Kawu

Kawuna zoɓo da riɗi yake tarawa. Yana da sito a wajen Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina, yaransa na bin kasuwannin Mashi, Mai'adua da Jibiya suna auno, a tsince, a ɗura a buhu, a tura Dawanau ko Legas. Ya daɗe yana ƙorafin cewa 'yan tsakiya ne ke kwashe romon, don haka ya ƙudurta sai ya je ya ga masu sayen ido da ido. Aka ba shi shawarar Anuga, babban baje kolin kayan abinci da ake yi a birnin Kolon na Jamus duk bayan shekara biyu, cikin watan Oktoba. Ni ne mai riƙe masa littafi da waya, ni ne kuma mai Turancin, saboda haka jakar ta hau kaina.

Da tafiyar a Kolon kaɗai za ta tsaya, da babu wani lissafi. To amma akwai mai shigo da ganyen shayi a Hambog ta Jamus da ya ce a zo a gani, akwai wani dillali a Rotadam ta Holan, sannan abokin Kawu da ke harkar fata ya dage sai mun leƙa Milan ta Italiya. Ba wanda ya tsayar mana da rana a cikinsu. Kowa cewa yake, "In kun sauka ku kira." Wannan rashin tabbas ɗin shi ya kai ni ga fas ɗin Eurail, tikiti guda da ake saye tun daga gida, a riƙa hawa jiragen ƙasa na ƙasashe 33 da shi. Tun 1959 ake sayar da shi, kuma ofishin masu shi yana Utrecht a ƙasar Holan. Na zauna a shago bayan isha'i ina bin sharuɗɗan layi-layi, ina fassara wa Kawu, shi kuma yana tare ni da tambaya.

Sharaɗin farko inda kake zaune yake dubawa. Eurail na wanda ba ya zaune a Turai ne. Mazaunin Turai nasa daban, Interrail, wanda aka soma a 1972. Ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Jamus, wanda ya yi alkawarin raka mu Holan, fasfonsa kore ne irin namu, amma tunda can yake da takardar zama, Interrail ne ya halatta gare shi, shi ma a cikin ƙasar da yake zaune fita ɗaya da dawowa ɗaya kawai aka yarje masa. Da na gaya masa sai ya yi dariya, ya ce ya ji ya gani, tikitin kansa zai yanka.

Inda muka fi ɓata lokaci shi ne jerin ƙasashen. Kawu ya sa tabarau, ya bi da yatsa, ya tsaya a kan Birtaniya. 'Yarsa na aure a can, rabonsa da ita tun kafin ta haihu.

"To ai shi ke nan, ɗana. Ga Ingila nan an rubuta. Mu leƙa mu ga jikana mu dawo."

"Kawu, fas ɗin ya kai can, bizarmu ce ba ta kai ba."

"Mi kake nufi? Ba kuɗin muka biya ba?"

Sai da na ɗauko takarda na zana masa. Bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, tana buɗe maka Jamus, Holan, Faransa, Italiya, Ostiriya, har da Suwizalan duk da ba ta cikin Tarayyar Turai. Ba ta buɗe Birtaniya ba, ba ta buɗe Ayalan ba, Turkiyya ma nata tsarin daban, alhali dukansu suna cikin jerin fas. Jirgin Eurostar mai bi ta ƙarƙashin teku zuwa Landan, tun a tashar Faris ko Burasel jami'an shige da fice ke tantance mutum, ko ƙafa ba za ka sa a tarago ba. Kuma wanda aka ba bizar shiga sau ɗaya, in ya kuskura ya fita yankin, ƙofa ta rufe a bayansa. Don haka ga mai fasfon Najeriya ƙasashe 33 ɗin nan ba 33 ba ne. Kawu ya cire tabarau ya ce, "Allah shi kai mu wani jiƙon."

Wannan ya sa ban taɓa kuɗin fas ba sai da biza ta fito. Babu gaggawa a ciki, domin bayan an saya ana da wata 11 kafin a fara amfani da shi. Ita kuwa biza a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema, da takardar gayyata, da shaidar masauki, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Wannan wani dogon labari ne na daban.

Abin da fas ɗin ke sayarwa yini ne, ba tafiya ba. Wanda ya gane wannan ya gane rabin sharuɗɗan. Akwai mai ɗorewa, na kwana 15, ko 22, ko wata 1 zuwa 3, wanda kullum yana ƙirgawa ko ka hau jirgi ko kana kwance a masauki. Akwai kuma na zaɓi: yini 4, 5 ko 7 cikin wata guda, ko yini 10 ko 15 cikin wata biyu. Mu da za mu shafe kwanaki a rumfunan baje koli ba tare da mun motsa ba, na zaɓi ne daidai da mu, muka ɗauki na yini 7, aji na biyu. Yinin yana farawa ne daga ƙarfe 12 na dare zuwa 11:59 na daren da ke biye. A tsakanin nan ko jirgi goma ka hau, yini ɗaya ka ci. In kuwa tafiyar minti ashirin ka yi ka sauka, shi ma yini ɗaya ka ci. Da na raba kuɗin nawa gida bakwai, kowane yini ya tashi yuro hamsin da ɗoriya, sai na riƙe wannan a matsayin ma'auni: duk tafiyar da tikitinta bai kai haka ba, ba za mu ƙona mata yini ba.

Shekaru ma suna da nasu hukunci. Wanda bai wuce 27 ba yana samun ragi mai kauri, ɗan 60 zuwa sama ana rage masa kashi 10 cikin ɗari, yara 'yan 4 zuwa 11 kuma har biyu suna bin babba kyauta, amma sai an yanka musu nasu fas ɗin. Kawu ya shiga sahun dattawa. Shekarun da ke cikin fasfo ake bi, ba waɗanda mutum ke faɗa a majalisa ba, kuma a nan ne na gano Kawu ya ɗan jima yana zaftare wa kansa biyu. Suna shi ma dole ya zo harafi da harafi yadda yake a fasfo. Mu da mutum ɗaya ke zama Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammadu a katin zaɓe, wannan ba wurin garaje ba ne. Na buɗe fasfon a gabana na kwafa. Wajen biya katin naira ya ƙi wucewa, sai da muka yi amfani da katin asusun dala na Kawu. Cikin 'yan mintuna lambobin fas biyu suka shigo ta imel.

Akwai na takarda da ake aikowa ta gidan waya, amma mun zaɓi na waya. Ana sauke manhajar Rail Planner, a zuba lambar fas da sunan mahaifi, a sa lambar fasfo, a zaɓi ranar farawa. Kawu babbar wayarsa WhatsApp kawai take yi, kuma rabin yini a kashe take, don haka na ɗora fas biyun a tawa. An yarda da haka, illa dai fas ɗin yana maƙalewa ne a wayar da aka kunna shi, mayar da shi wata wayar sai an tuntuɓi masu shi. Ma'ana duk inda wayata ta nufa, can Kawu zai nufa. Hoton allo ba ya aiki, sai manhajar kanta. Tana kuma bukatar ta leƙa intanet a kai a kai, in ta jima ba ta leƙa ba sai ta kulle fas ɗin har sai an samu sabis. Waya in ta mutu, a idon mai duba tikiti ba ka da tikiti. Na sayi fawa-bank biyu a kasuwa kafin mu tashi, da kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu irin na soket ɗinsu.

A Furankfot ta Jamus muka sauka, tashar jirgin ƙasa kuma a jikin filin jirgin saman take. A nan na fara aiwatar da ƙa'idar da ta fi kowace kama mutane: mallakar fas bai isa ba, kowane jirgi sai ka shigar da shi kafin ka taka. Za ka nemo jirgin a manhaja, ka ajiye shi cikin jerin tafiyarka, sannan ka tura wani ɗan maɓalli ya koma rawaya. Sai a lokacin tikitin ranar ke fitowa. Da kaya a hannu, ga sanyi, ga Kawu yana cewa in yi sauri jirgi ya iso, na tsaya a bakin layi na yi wa fas biyun ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ICE ne, mai kaiwa kilomita 300 a awa a wannan hanyar, cikin kamar awa ɗaya ya kai mu Kolon.

Ba mu yi nisa ba mai duba tikiti ta iso, mace ce mai furfura, da 'yar na'ura rataye a wuya. Na buɗe mata lambar nan mai ɗigo-ɗigo, ta haska, na'urar ta yi ƙara. Ba ta tsaya nan ba, ta sa yatsa ta ja allon sama don ta ga ko wannan jirgin na cikin jerin ranar, ta duba ajin, sannan ta ce fasfo. Na miƙa nawa. Ta juya ga Kawu, wanda ya cusa nasa cikin jakar fata a ƙarƙashin 'yar ciki, a ƙarƙashin riga, a ƙarƙashin rigar sanyi. Ta jira shi har ya tono, ba ta ƙosa ba, ba ta kuma ce a bar shi ba. Ta haɗa sunan da na allo, ta yi godiya ta wuce. Fasfo na asali ake nufi, ba kwafi ba. Wanda aka kama babu sahihin tikiti a Jamus, tarar tana farawa daga yuro 60, kuma wanda ya manta bai tura maɓallin nan ba yana iya faɗawa wannan sahun. Ban da masu tikiti, 'yan sanda ma kan shigo tarago a kusa da iyaka, domin tun Satumbar 2024 Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta na ƙasa.

Batun kujera shi ya fi ɗaure wa Kawu kai. Shi jirgin da ya sani na Funtuwa ne, a layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda ya hau yana yaro. Ni kuma na Abuja zuwa Kaduna na sani, inda tikitinka ke zuwa da lambar tarago da ta kujera. (Muna dai jiran na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, mai ratsawa ta Daura, Katsina da Jibiya, mu ga irin nasa tsarin.) Fas ɗin nan kuwa kamar katin gayyatar biki yake: zai shigar da kai ƙofa, wurin zama kai za ka nema. A Jamus, Holan, Suwizalan da Ostiriya yawancin jirage ba dole ba ne ka kama kujera. Ka hau, ka duba ɗan allon da ke jikin kowace kujera. In babu rubutu, taka ce. In an rubuta sunan gari biyu, wani ya kama ta tsakanin garuruwan nan, kana iya zama kafin ya shigo ko bayan ya sauka. In bai zo ba har aka yi minti 15 da barin tasharsa, haƙƙinsa ya faɗi. Ranar Juma'a da yamma, hanyar Hambog, jirgi ya cika maƙil, na ga matasa zaune a ƙasa bakin ƙofa. Mu da yake na biya yuro biyar da 'yan kai na kama wa kowannenmu kujera tun da safe, muka zauna. Dattijo ba ya tsayuwar awa huɗu.

A cikin gari fas ɗin ba ya aiki a bas, ko taram (jirgin da ke bi ta kan titi), ko jirgin ƙarƙashin ƙasa na birni. Waɗannan tikitinsu daban. Ɗalibin nan namu yana da irin tikitin wata-wata na Jamus da aka fito da shi a Mayun 2023 kan yuro 49, ya koma 58 a 2025, wanda shi akasin namu ne: yana hawa bas da ƙananan jirage ko'ina a ƙasar, amma ba ya shiga ICE.

Dabarar da ta fi yi mana rana ta jirgin dare ce. Daga Hambog akwai Nightjet mai kwana a hanya zuwa Zurik ta Suwizalan. Ƙa'idar ita ce ranar tashi kaɗai ake ƙirgawa, muddin ba ka sauya jirgi bayan sha biyun dare ba. Saboda haka a yini guda muka je wani gari kusa da safe muka ga sito, muka dawo, da daddare muka hau na Zurik, duk a kan yini ɗaya. Gado dai ba ya cikin fas, dole a kama shi a biya, kuma yana ƙarewa da wuri. Muka samu ɗaki mai gadaje jere a bango, sama da ƙasa, na roƙa wa Kawu na ƙasa. Mun haɗa magariba da isha'i tun a tasha. Da gari ya waye ma'aikacin taragon ya kawo burodi da shayi, Kawu ya ɗaga kofin ya duba ya ce wannan ko yaro ba zai ƙosar ba. Da muka sauka Zurik muka nemi jirgin Milan, wannan kam sabon yini ne, sai da na kunna. Wani abin lura: agogon Kawu yana kan lokacin Katsina, alhali a farkon Oktoba agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Sha biyun daren da fas ya sani nasu ne. Yinin da ka riga ka kunna kana iya soke shi kafin ya shiga, amma da zarar ya shiga ya tafi ke nan, ko ba ka hau komai ba.

Daga iyakar Italiya lissafi ya sauya. Jirgin Zurik zuwa Milan, mai bi ta ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57 da aka buɗe a 2016, sai da kujera. Masu gudu na cikin Italiya, Frecciarossa, su ma sai da kujera, kowace hawa da kuɗinta. Haka TGV na Faransa, inda ake biyan yuro 10 ko 20 a tafiyar cikin gida, haka AVE na Sifen. A wasu jiragen ƙetare iyaka, irin su Eurostar, kujerun da aka ware wa masu fas ƙidayayyu ne, suna iya ƙarewa alhali jirgin da sauran wuri ga mai yankan tikiti. Akwai kuma jiragen da ba su san fas ɗin ba sam, kamar Italo a Italiya da Ouigo a Faransa, ko da kuwa a layi ɗaya suke tsayawa da waɗanda suka san shi. A ganina a nan ne tallar fas ɗin ta fi gaskiyarsa zaƙi. Ana cewa hau duk jirgin da ka so, amma a kudancin Turai sai ka nemi kujera, ka biya, ka ɗaure kanka da lokaci, wato abin da ka gudo shi ka tarar. Manhajar tana da wurin tace jirage marasa bukatar kujera, sai dai su masu tsayawa kowane ƙauye ne.

Haɗa fas biyu a waya ɗaya ya nuna haƙoransa a Milan. Abokin Kawu ya so ya ɗauke shi su tafi wani garin majema, ni kuma ina da alƙawari da mai gwajin samfur a cikin gari. Babu yadda za a raba waya biyu. Kawu ya yanki tikitin kansa a tasha ya tafi, yana mita.

Amfaninsa na gaske kuwa a ranar komawa na gan shi. Tafiya ce mai tsawo, Milan zuwa Furankfot ta Suwizalan, da sauyin jirgi a hanya. Wanda muke ciki ya makara, muna isowa wanda za mu kama ya riga ya tashi. Na buɗe manhaja, na kashe wancan, na shigar da na gaba, muka sayi ruwa muka jira. Ba layi, ba roƙo, ba ƙarin ko sisi. Haka ma da mutumin Rotadam ya ɗaga ganawarmu da yini guda ana gobe za mu taso, na soke yinin kafin sha biyu, bai ci mana komai ba.

Da muka dawo Katsina na zauna da littafi na tara kuɗin fas, da na kujeru, da na gadon dare, na kwatanta da farashin tikiti ɗai-ɗai. Da a ce mun san ranakunmu da sa'o'inmu tun wata biyu kafin tafiya, da tikitin rangwame da ake saye da wuri ya fi sauƙi, don a Jamus akan same shi daga ƙasa da yuro 20, sai dai a ɗaure yake da jirgi ɗaya, ka rasa shi da laifinka ka rasa kuɗinka. Tikitin da ake yanka a ranar tafiya kuwa doguwar hanya kan haura yuro 100. Mu da masu saye ke juya mu yadda suka so, a ɓangaren Jamus, Holan da Suwizalan fas ɗin ya fitar da kuɗinsa har da riba. A ɓangaren Italiya bai tsinana wani abin kirki ba. Kawu ya ce in za a koma, a ɗauki na yini 5, kowa a wayarsa, na Italiya kuma a yanka a can. Ya kuma sa ni in fara tambayar abin da ake bukata na bizar Ingila.